Basillar Tabawa a Cikin Soso

Dalilin da ya sa soson katifa yake yin ja ya rududduge in ya sha rana, yara, ku matso ku ji shi, ku daina tsalle a kan tawa.

A da can, soso fari ne fat, ba ya tsufa, wuta ba ta cinsa. Ga shi da rowar tsiya: abin da ya haɗiye ya haɗiye ke nan.

A lokacin akwai wata tsohuwa mai ɗinka rigunan katifa, sunanta Tabawa. 'Yarta Lantana ta haihu bayan shekara tara ana jira, sai Tabawa ta zauna ɗinka wa jikanta 'yar katifa. Garin ɗoki ta danna basilla da ƙarfi, basilla ta karye, tsinin ya shige cikin soso.

Ta laluba, ta matsa, ba labari. Ta yanka da wuƙa, wurin ya koma ya haɗe. Hankalinta ya tashi, don jariri ba shi da bakin faɗin inda ke sukarsa.

Lantana ta ce, "Inna, ki jefar da ita bola mana."

Tabawa ta ce, "Wata ta tsinta ta kwantar da nata ɗan? Ɗan wani ba ɗa ba ne?"

Ta roƙi soso, ya ce shi bai ga komai ba. Sai ta kinkimi katifar ta hau soro, ta shimfiɗa ta, ta ɗaga kai.

"Rana, ke kike ganin komai. Don Allah duba mini."

Rana ta ce, "Baba, cikin wannan marowacin ban taɓa gani ba. Amma ina da hannu biyu, haske da zafi. In na sa masa su, ba zai ƙara komawa yadda yake ba. Kin yarda?"

Tabawa ta ce, "Katifa dai? Na yarda, a yi!"

Haske ya kama bayan soso yana gogawa, har farin ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja. Zafi kuwa ciki ya shige, yana kwance duk abin da ya riƙe soso. Kwana shida ana abu ɗaya, Tabawa na zaune a gefe da mayafi a ka, ko abinci ba ta iya ci. Ana gobe suna ta taɓa katifar, sai ta zube kamar garin kwaki. Ga tsinin basilla nan yana ƙyalli, daidai inda kan yaro zai kwanta.

Tabawa ta fashe da kukan murna. Ta yi wa Allah godiya, ta juya ta ce, "Rana, na gode, na gode. An samu, ki huta haka."

Rana ta ce, "In huta? Ke da kika shekara arba'in kina ɗinki kin karya basilla, ina ga sauran? Daga yau duk soson da na gani sai na bincike shi."

Tabawa ta yi dariya tana share hawaye, ba ta musa ba. Ta sauka ta cusa audugar rimi a rigar katifar, da tafin hannu ta bi ta kaf kafin a kwantar da jikanta.

Shi ya sa har yau in kuka manta katifa a tsakar gida, za ku tarar ta yi ja tana zubar da gari. Kada ku zagi Rana. Ku ja abinku inuwa ku ce mata sannu da aiki, allura take nema kada ta soke ku.