Bututun Da Aka Shafa Wa Fenti

Yaushe rabonka da ka zaga bayan gidanka ka dubi inda wayar wuta take shigowa? Na san ka san fankarka, ka san kowane ƙwan fitila. To, wancan bututun da ke manne da katanga fa, wanda rana ke duka kullum?

Akwai wani mutum da ya gina gida a bakin gari. Ya sa aka haɗa masa wuta a kowane ɗaki, aka bi da wayoyi ta cikin siraran bututun roba farare. Da aka gama, bututu ya yi saura. Aikin da ya rage shi ne a jawo waya daga falwayar bakin titi, ta bi katangar waje har zuwa mita.

Mai haɗa wuta ya ce masa, "Maigida, waje sai bututu mai kauri wanda ke jure rana, ko na ƙarfe wanda ba ya tsatsa. Wannan farin na cikin ɗaki ne."

Mutumin ya yi dariya. "Bututu ne ke kawo wuta, ko waya? Ga saura jibge, in zuba masa ido? Sa shi kawai, in na shafa fenti wa zai gane?"

Aka sa. Ya shafe shi da fenti irin na katanga, gida ya yi kyau, fitilu suka kama.

Rani ya zo ya wuce, wani ya zo. Rana ta gasa bututun har ya bushe ya fara tsagewa. Matarsa, wadda take kaɗa tulu in ana waƙa a Zumuntar Mata ta majami'a, ta gani ta ce, "Baban Tabita, bututun nan naka ya buɗe baki."

Ya ce, "Maman Tabita, ke dai ba ki rasa abin faɗa. Kirsimeti ya kusa, zan yi fenti."

Ya kuwa yi. Kowace shekara yakan cika tsagar da fenti, baƙi su zo su ce, "Kai, gidan nan kullum sabo!"

To, wayar shanyar matar ta ƙarfe ce, kuma a jikin bututun aka ɗaura bakinta. Nauyin kaya yana ja, wayar shanya tana cin ruɓaɓɓiyar robar a hankali, har ta kai ga wayar wuta da ke ciki. Wata rana da damina, bayan an ɗauke ruwa, matar ta fito ba takalmi, ta ɗaga jiƙaƙƙen zane ta ɗora. Wuta ta kama hannunta ta buga ta da ƙasa.

Ta rayu, amma yatsun hannun damanta suka ƙandare. Washegari mutumin ya sayo bututu mai kauri, mafi kyau a kasuwa, aka sa. Da aka sallamo ta daga asibiti ya nuna mata. Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta ce, "Ya yi kyau." Daga nan wata ce ke kaɗa tulu ran Lahadi, ita kuwa tana zaune a baya, hannunta a cikin mayafi.

Ma'anar wannan misali ita ce: waya bangaskiya ce, bututu kuwa halin da ke ɗauke da ita. Da yawanmu halinmu na cikin ɗaki ne. A majami'a, ƙarƙashin rufi, ga fanka, ga waƙa, kowa mai haƙuri ne, kowa "ɗan'uwa" da "'yar'uwa". Amma bari Litinin ta yi, ranar kasuwa da wurin aiki ta buge mu, fushi ya zubo kamar ruwa, sai mu tsage. Fenti shi ne abin da muke shafawa don kada a gani: doguwar addu'a a gaban jama'a, sabon ɗinki, "mun gode Allah" a baki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: ba wanda ya zaɓi bututun ne wuta ta ja ba. Hannunsa lafiya lau. Haka yake har yau. Uba ya ƙi gyara bakinsa, 'ya'ya su tashi da tsoro. Dattijo ya ɓoye zunubinsa, matasa su bar sujada. Shi mai gidan nan an faɗa masa sau biyu, ya mai da magana wasa, kuma tubansa bai miƙe yatsa ko ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙonku, yau in kun koma gida ku zaga ku dubi bututun wutarku da idonku. In ya tsage, ku kira mai gyara, kada kowa ya taɓa. Sa'an nan ka zauna da mutanen gidanka ka tambaye su, "Ina na tsage?" In sun faɗa, kada ka yi dariya, kada ka ɗauko fenti. Ka canza tun hannunsu yana motsi.