Dogo da Littafin Kiwon Zuma

Akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Dogo. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana amsa kiran waya a wani kamfani, ɗaki ɗaya da mutum talatin, kowa na magana lokaci guda. In ya dawo gida sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ko sannun matarsa ba ya iya amsawa.

Sai da ya kai shekara talatin da takwas likita ya gano yana da otizim. Halittarsa ce haka: hayaniya na yi masa ciwo, kallon idon mutum na yi masa wuya, amma abin da ya shiga kansa ya zauna ke nan.

Ya ajiye aikin, ya yi kwas ɗin aikin laburare. Dangi suka ce ya yi wauta. Matarsa ce kaɗai ta ce, "Je ka, Baban yara, ina bayanka."

Wani laburare ya ɗauke shi gwajin wata uku. In bai yi ba, sai dai ya koma wa wayoyin nan.

Kowace safiya Dogo kan bi kantoci, ya zaro littafi, ya gwada lambar da ke liƙe a bango da wadda ke hatimin ciki. Mataimakin shugabar wurin, mutum mai ji da kansa, har tsayawa yake yana kallo.

"Malam Dogo, gaisawa kake da su ɗaya bayan ɗaya? Mu da muke da rai ko idonmu ba ka kallo!"

Dogo ya ci gaba da aikinsa. Ya rubuta littattafai arba'in da biyu da lambarsu ta saɓa, ya kai wa Mataimaki. Shi kuwa gogan naka ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar.

Saura kwana biyu gwaji ya ƙare, wata dattijuwa ta shigo da sandarta. Littafin kiwon zuma take nema, wanda mijinta marigayi ya rubuta. Na gida gara ta cinye.

Mataimaki ya duba kwamfuta. "Iya, wannan ya ɓata shekara shida da suka wuce. Ki yi haƙuri."

Tsohuwa ta fara share ido da gefen mayafi. "Jikokinsa nake so su gani. Ba su san shi ba."

Daga bayan kanta aka ji muryar Dogo. "Bai ɓata ba. Shi ne na goma sha bakwai a takardar da ke ƙarƙashin kofinka."

Dogo ya wuce sashen lissafi, ya dawo da wani siririn littafi. Ashe lokacin da aka sake masa bango, lambar wani littafin aka liƙa masa. Tsohuwa ta rungume shi tana ta sa albarka.

Washegari shugaba ta aiko kiransa. Gabansa ya faɗi, don ya san ya kunyata babba a gaban mutane. Ya shiga ofishinta.

Takardar nan ce a gabanta, da zoben shayi a tsakiya.

"Na bi su duka, babu kuskure ko ɗaya," in ji ta. "Aikin ya zama naka. Me kake buƙata?"

Dogo ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idonsa a kan tebur. "Ranki ya daɗe, a riƙa rubuta min umarni. Kuma a ba ni tebur ɗin can baya, nesa da ƙofa."

"An ba ka. Sauran arba'in da ɗayan, kai da Mataimaki za ku gyara su. Shi zai riƙe gam."

Wallahi ni kaina da na ji wannan sai da na ji sanyi a raina.

Ranar da ya koma gida, Dogo bai ja ƙofa ba. A falo ya zauna suna cin abinci, yana ta ba matarsa labarin lambobin littafi, har ta ce, "Baban yara, ka bari abincin ya samu hanya mana!"

Darasi: Wanda bai kalli idonka ba, ba lallai raini ba ne. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, duba aikin da ya ajiye a gabanka. Ku tura wannan ga duk wanda ke ganin lokacin sauya hanya ya wuce masa.