Dorina a Tudu da Tsakar Rana

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu sha labari!

Tafki ya yi ta ƙafewa, ciyawa ta toshe mashigarsa. Kwaɗo sarkin surutu ya je roƙon Giwa sarauniyar daji ta turo garkenta su share.

Giwa ta ce, "Kai kullum cikin kuka kake. Wa ya tsaya maka?"

Sai ga Dorina mai unguwar tafki, wadda ba ta barin ruwa da rana, ta iso, bayanta duk ya tsattsage don zafin rana.

"Ranki ya daɗe, ni ce."

Giwa ta ce, "Dorina a tudu da tsakar rana? Lallai abin ya ɓaci. Ku tashi mu je!"

Da suka share, ruwa ya dawo, Kwaɗo ya ce wa Dorina, "Inna, bakina fa ya kawo shi."

"Ƙwarai, ɗana. Zo shafa mini laka a baya."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa, tatsuniya ta koma ruwa!