Ƙwallon Dabino Biyu

An yi wata Bushiya a dajin Gindin Kanya, mai kunya ƙwarai, ko gaisuwa za ta yi sai ta sunkuyar da kai. Amma akwai ta da lura. Da wayar hannu ta shigo dajin, sai ta koyi haɗa wasan waya, ta yi damina guda tana fama da nata. Ta sa masa suna Jiran Kifi. Ka jefa ƙugiya a ruwa, ka natsu, in igiya ta motsa ka danna.

A dajin nan akwai al'ada. Duk sabon wasa sai an kai wa Kurege ya gwada, ya jefa ƙwallon dabino a ƙwarya, daga ɗaya zuwa goma. Wasan da bai kai biyar ba, ba a shimfiɗa masa tabarma a dandali ranar bikin kaka. Shi kuwa Kurege ga saurin yatsu, ga ji da kai.

Bushiya ta miƙa masa waya hannu biyu. Ya danna nan, ya danna can.

"Ina wurin gudu? Ina tsalle?" in ji shi.

"Malam, ai sai an ɗan jira," ta ce a hankali.

"Jira? Ni? Wannan wasa ne ko layin asibiti?"

Ƙwal, ƙwal, ya jefa biyu. Bushiya ta dunƙule wuri guda, da ƙyar ta kai gida.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Baba Kunkuru.

"'Yar nan, ke ce mai dabino biyu?"

"Ni ce, Baba," ta ce, idonta ya ciko.

"Madalla! Kawo wayar!"

Bushiya ta miƙa masa tana mamaki. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Shekara uku ina bin makin Kurege, bai taɓa ba ni kunya ba. Wanda ya ba goma, jiri yake sa ni. Wanda ya ba biyu kuwa, nan daɗin yake."

Ya jefa ƙugiya, ya yi tsit. Can sai igiya ta motsa, ya danna, ga tarwaɗa tana wutsil-wutsil a fuskar waya. Bai tashi ba sai azahar, daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Kurege, Bushiya na biye da shi tana ɓuya a bayan ƙoƙonsa.

"A shimfiɗa wa yarinyar nan tabarma," in ji Baba Kunkuru.

"Baba, tsufa ne ko me? Na ce biyu, biyu ne!"

"Biyu a wurinka."

Kurege ya kaɗa jela. "To, a shimfiɗa! In dabba goma suka zauna a kai, ni da kaina zan kifa ƙwaryar nan a kaina in zaga dandali. In ba su cika ba, kada ta sake haɗa wasa a dajin nan."

Bushiya ta ɗaga kai ta ce, "Na yarda."

Ranar biki, Zalɓe ne ya fara zuwa, ya ce shi da ma jiran kifi sana'ar gidansu ce. Hawainiya ta iso tana takawa ɗai-ɗai, Dodon Koɗi ya ce tun jiya ya taso. Kaɗan-kaɗan aka zama tara, ana ta shewa. Daga nan shiru, ba wanda ya ƙaru, ga rana ta yi sanyi.

Kurege ya zo yana ƙirga su da ƙarfi. "Bakwai, takwas, tara! Bushiya, naɗe tabarmarki!"

Daidai nan igiyar Zalɓe ta girgiza. Wani ƙaton giwan ruwa ne, yana ja, Zalɓe na ja.

"Danna mana! Kai, za ka sake shi! Ba ni nan!" Kurege ya fizge wayar, ya zauna daɓas, ya tanƙwashe ƙafa. Ya ja, ya saki, ya ja, har kifin ya fito. Ya daka ihu, "Na kama! Kun gani?"

Bushiya ta matso, ta rusuna. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Sai dai a kan tabarmata kake zaune. Kai ne na goma."

Dandali ya kaure da dariya. Baba Kunkuru da kansa ya zazzage ƙwallayen, ya kifa masa ƙwaryar. Kurege ya zaga dandali ana bin sa da tafi, ya dawo yana haki, ya leƙo ta ƙarƙashin ƙwaryar ya ce, "Kada kowa ya zauna mini a wuri."

Darasin wannan labari shi ne, yara, maki ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne ƙarshen magana ba. Yana gaya muku abin da ya yi wa mai bayarwa daɗi. Ku san halinsa tukuna, kamar Baba Kunkuru, sannan ku gwada da hannunku. Wanda kuma aka ba shi ƙwarya, ya daure ya jira kifi ya fito kafin ya jefa dabino.