Sarkin da Taurari Suka Hana wa Magani

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wani Sarki mai zafin zuciya wanda ya kafa dokoki biyu a kan lafiyarsa. Ta farko, ba a ba shi magani sai Malam Zubairu, masanin taurarin fada kuma mai maganinta, ya duba ya ce sa'a ta yi. Ta biyu, duk wanda ya miƙa masa magani bai warke ba, a bakin ransa. Wai don kada a yi wasa da lafiyarsa. Ai kuwa ya samu abin da ya nema, don ko kusa da ita babu mai zuwa.

Wata damina ciwon shawara ya game gari, bai ƙyale Sarki ba. Idanunsa suka yi rawaya kamar garin ɗorawa. Kullum Malam Zubairu ya zo ya buga hisabi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, tauraron Zuhal na zaune a gidan haihuwarka. Magani a wannan sa'a guba ne, a jira ya gusa." Sarki na jira yana ramewa, har zobe ya fara zamewa daga yatsansa.

Waziri Mantau, wanda suka tashi tare da Sarki tun ƙuruciya, ya dube shi tausayi ya kama shi. Ya rantse ba zai zuba ido ubangidansa ya mutu da magani a bayan ɗaki ba. Sai ya tuna akwai wata mace da aka haifa sa'a ɗaya da Sarki, har marigayi uban Sarki ya aika wa iyayenta ragon suna. Ya bi unguwa-unguwa har ya same ta, Tabawa mai daddawa, ita ma shawara ta kwantar da ita.

Ya ce, "Baiwar Allah, je ki wurin Malam Zubairu, ki faɗa masa rana da sa'ar haihuwarki, amma kada ki ambaci rago."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in dai zan samu sauƙi, ko da rarrafe zan je."

Malam ya buga mata hisabi, ya ce sa'arta fes take, ya ba ta saiwar rawaya da tsamiya ta jiƙa ta sha. Ba a daɗe ba ta miƙe ta koma kasuwa.

Waziri ya shigo da ita turakar Sarki a gaban Malam, riƙe da ƙoƙon wannan jiƙo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, tambaya gare ni. Mutum biyu, sa'ar haihuwa ɗaya, ciwo ɗaya. Yaya Zuhal ya tare wa ɗaya hanya, ya buɗe wa ɗaya?" Tabawa ta ba da labarinta tiryan-tiryan.

Malam Zubairu ya zube ƙasa. Ya ce, "Zaki, tuba nake. Ba Zuhal nake tsoro ba, takobinka nake tsoro. In na ba ka magani ajali ya riga ni, wa zai riƙe mini 'ya'yana?"

Sarki ya ce da muryar da ciwo ya cinye, "To, wa zai miƙo mini? Doka tana nan."

Waziri ya ce, "Na san tana nan." Ya matso, ya tallafi kan Sarki, ya kafa masa ƙoƙo a baki. Haka ya riƙa yi safe da yamma, bai bar kowa ya taɓa ba, har Allah Ya kawo sauƙi.

Ranar da Sarki ya fito fada, ya sa aka yi shela an soke dokokin nan biyu. Ya ce wa Malam, "Tsoronka ni na shuka shi, don haka na bar maka ranka. Amma ƙaryar taka ce. Ka bar fada, ka zauna ƙofar gari kana yi wa talakawa magani kyauta." Tabawa kuwa aka yafe mata kuɗin kasuwa har ƙarshen ranta.

Da fada ta watse, Sarki ya ce, "Mantau, da ban tashi ba fa?"

Waziri ya ɗaga babbar rigarsa, sai ga farin ƙyalle naɗe a ƙugunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum da likkafanina nake shigowa."

Sarki ya kama hannunsa, hawaye na bin gemunsa.