Gemun Da Wilf Ya Ajiye Wa Surukinsa

Akwai wani direban bas a nan Sheffield mai suna Neville Broomhead. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, amma yana da hali guda: in ya koyi abu yau, gobe shi ne malami.

Bara sai son tsofaffin asake ya kama shi. Kun dai san garin nan na maƙeran wuƙaƙe da asake, da wuya ka buɗe durowar dattijo ba ka ga askar kakansa kwance cikin tsatsa ba. Duk Lahadi Neville yana filin da mutane ke buɗe bayan motocinsu su baje tarkace, ya ɗaga wannan, ya haska waccan.

Ya sayi duwatsun washi da fatar gogawa, ya ƙara da wani ɗan inji mai juyawa irin na likitan haƙori. Gashin hannunsa na hagu duk ya ƙare wajen gwajin kaifi, har matarsa Lorraine tana ce masa ya koma kazar da aka fige rabi aka bari.

Akwai wata dattijuwa, Glenys, wadda yake yawan sayen asake a teburinta. Ranar da ya nuna mata injin yana ta murna, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya kai shi bakin aska, domin bakin siriri ne, da ya ɗauki zafi ƙarfen ya mutu. Neville ya yi dariya ya ce ai ya ga yadda ake yi a bidiyo. Ta ci gaba da shan shayinta.

Mahaifin Lorraine, Wilf, tsohon mai raba wasiƙu ne. Mutum ne da ko shara zai fitar sai ya yi aski ya taje kai. Da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, likitoci suka ce sun yi iya yinsu, aka mayar da shi gidan jinyar da ake kai waɗanda ajalinsu ya ƙarato.

Can ma bai fasa mita ba. Ya ce rezar robar da masu jinya ke yi masa aski da ita ba aski take yi ba, tsigar gashi take yi. Ya sa Lorraine ta ɗauko masa askar mahaifinsa mai baƙin mariƙin ƙaho, ya miƙa wa Neville.

"Kai ne ka ishe mu da zancen asake a kan teburin abinci," in ji shi. "To ga ta, yaro. Ka gyara ta, ka yi mini aski irin na mutane kafin in tafi. Daga nan ta zama taka. Kawo kwabo."

A nan kowa ya san ba a karɓar kyautar abu mai kaifi ba a ba da ko kwabo ba, in ba haka ba ya yanke zumunci. Neville ya laluba aljihu, katin banki kawai ya samu. Ya ce wa ke yawo da kwabo a zamanin nan? Wilf bai yi dariya ba. Neville ya yi alkawarin ranar Asabar.

Da ya duba askar a ɗakin ajiyar da ke bayan gida, sai ya ga wani ɗan giɓi a bakinta, bai kai ƙwayar gero ba. Irin wannan a kan dutse ake cinye shi, a hankali, sai kafaɗa ta gaji. Ya goga yammacin farko, ya goga na biyu, giɓin yana nan yana kallonsa. Asabar kuma tana matsowa.

Sai ya ɗauko injin.

Abin bai ɗauki lokaci ba. Bakin askar ya yi rawaya, ya rikiɗe ya yi shuɗi, kafin ya janye hannu injin ya cafki bakin, wani yanki ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin tarkace. Neville ya zauna a kan bokiti. Askar da ta wuce yaƙin duniya biyu lafiya, ta zo ta mutu a hannunsa ranar Alhamis.

Ya kai wa Glenys har gida, ya gaya mata ta surukinsa ce. Ta juya ta sau ɗaya ta mayar masa.

"Ta mutu, ɗana. Je ka faɗa masa yau."

Shi kuwa tambayar da ya yi mata ita ce ina zai samu irinta sak. Ta ce an ƙera su da yawa a da, amma sai an dace. Wannan kalmar ta "da yawa" ita kaɗai ya ji.

Ranar Asabar ya ce wa Lorraine askar na bukatar ɗan ƙarin aiki, kuma an roƙe shi ya riƙe wa wani direba aiki. Ita kaɗai ta tafi. Da ta dawo ta ce masa Babanta ya hana masu jinya taɓa fuskarsa, wai surukinsa yake jira.

Daga ranar Neville bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ko kifi da dankalin Juma'a, da ba ya wasa da shi, sai ya tsakura ya ture. In ya tsaya a tashar ƙarshe, maimakon shayi, hotunan asake yake bi a waya yana ƙure ido a kan mariƙi. Shi da ya yi wa zancen kwabo dariya, ya wayi gari abin yana cin ransa.

Ya zagaye kasuwannin Lahadi, ya shiga shagunan tsofaffin kaya har garin Rotherham. Duk lokacin da Lorraine ta ce su je tare, sai wani uzuri ya fito. Wallahi ba rashin ƙauna ba ne, yana son dattijon nan ƙwarai. Kunya ce ta ɗaure shi, don bai san da wane ido zai kalli Wilf ya ce ya kasa ba.

"Neville, gemun Babana ya kai nan," Lorraine ta ce wata safiya, tana nuna wuyanta. "Yana sosawa har fatar ta yi ja. Aska ce ko gadar jirgi kake ginawa?"

Ya ce saura kaɗan, bai ɗago kai ba.

A kasuwar Alhamis ta garin Chesterfield ya dace. Tana cikin wani tsohon gwangwanin biskit, mariƙin ƙaho baƙi, tambari iri ɗaya. Nan take ya biya, ko tayi bai yi ba.

Wannan karon da hannu ya yi aikin. Ya rufe kansa a ɗakin ajiya, ya kife wayar a cikin durowa don kada ta raba masa hankali. Lorraine kuwa ta koma kwana a gidan jinyar. Ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya gama da fata. Ranar Lahadi da rana askar ta yanke silin gashi a iska. Ya haɗa ta da sabulu da buroshi da tawul a jaka, ya kama hanya yana jin kamar an sauke masa dutse.

A bakin ɗakin ya tarar da Lorraine zaune, idanunta sun kumbura. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango Wilf kwance, an rufe masa hanci da baki da abin shaƙar iska, farin gemu ya cunkushe ta ko'ina a gefensa. Wata mai jinya ta dubi jakar da ke hannunsa, ta gaya masa a hankali cewa ba za a iya cire abin ba yanzu, ko na minti ɗaya.

Lorraine ta ce da safe aka kawo jikoki su yi bankwana. Ƙaramarsu, Maisie, ta ɓuya a bayan uwarta tana kuka, ta ce wannan ba Kakanta ba ne. Wilf yana jin ta.

Neville ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ta riga shi.

"Ya sani. Tun shekaranjiya ya ce mini, 'Ki ce wa yaron nan in ya karya ta ne ba komai, ƙarfe ne. Ya zo ko da wuƙar burodi ce, ni shi nake son gani.' Na yi ta kiran ka, Neville. Na yi ta kira."

Ya shiga ya riƙe hannun dattijon, ya faɗa masa komai tun daga injin. Ko ya ji ko bai ji ba, babu mai iya cewa. Kafin rana ta faɗi Wilf ya cika.

Washegari wani ma'aikacin gidan shirya gawa, wanda bai taɓa sanin Wilf ba, shi ya yi masa askin. Neville yana zaune a mota a waje, jakar na kan cinyarsa.

Darasi: Gaggawa ta karya aska, amma ɓoye kuskure ne ya raba Neville da surukinsa. In ka yi ɓarna, je ka faɗa tun mai haƙƙin yana iya jin ka, domin sau da yawa ya yafe tun kafin ka iso, kai kawai yake jira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke gudun wata ziyara saboda kunya, ya karanta ya tashi ya tafi yau.