Zare a Murfin Tanki

An ce wai a wani gari na 'yan kasuwa an yi wani alƙali, Malam Mamuda, wanda ba ya son a rantse a gabansa matuƙar akwai wata hanyar gano gaskiya.

Wata rana Hajiya Tasalla mai sayar da atamfa ta kawo ƙarar direbanta, Gambo. Ta sayi mota irin wadda ake kira hayibirid, mai tafiya da fetur da batir tare. Ita take tuƙa ta a cikin gari, daga gida zuwa kanti, Gambo kuma shi yake kai kaya da motar kasuwannin nesa. Hajiya mace ce mai sa ido. Duk sanda ta cika tanki, sai ta lura da nisan da motar ta yi kafin allurar mai ta sauka.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba yau na fara riƙe mota ba. Kowa ya sani cunkoson gari ke cin mai, doguwar hanya kuwa sauƙi ce. To ni da nake fama da cunkoso kullum, mai yana daɗe mini. Shi da yake miƙe titi fetal, sai ya dawo mini da tanki kamar an lashe. Ina man yake zuwa, in ba tiyo yake zura masa ba?"

Gambo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ni ma ban san amsar ba. Amma in aka sallame ni da sunan ɓarawon mai, babu mai sake ba ni makulli a garin nan. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Alƙali ya hana a kawo Alƙur'ani. Sannan ya ce, "In ka rantse, shari'a za ta sake ka, amma zuciyar Hajiya ba za ta sake ka ba. In kuma na bi lissafinta, na hukunta ka ba tare da shaida ba. Hajiya, ke da shi kun bambanta, hanyarki da tasa ma sun bambanta. Me ya sa kika tuhumi mutum, kika ƙyale hanya?"

Ta ce, "Malam, hanya ai ba ta da aljihu."

Mutanen da ke zaune suka yi dariya, har alƙalin ya murmusa. Sai ya sa aka cika tanki a gabansa, aka ɗaure murfin da zare, aka ɗiga masa kyandir, ya danna hatiminsa a kai. Ya ce, "Ku yi musanya. Gobe ke za ki tuƙa zuwa kasuwar nesa, Gambo yana gefe, hannunsa a cinya. In kun dawo a duba allura, a sake cikawa, a sake ɗaurewa, shi kuma ya yi ta yawo da ke cikin gari."

Haka aka yi. Da suka hau babban titi Hajiya ta taka mota son ranta, tana harare-hararen Gambo, shi kuwa ko ruwa bai nemi sauka ya sha ba. Can a hanyar dawowa ta dubi allura, ta ga ta yi ƙasa kamar yadda take yi a hannunsa. Ta tsaya ta zaga ta duba zare. Yana nan, hatimi bai motsa ba.

A cikin gari kuma, da yake yanzu ba ita ke tuƙi ba, sai kunnenta ya samu sarari. Ta ji duk sanda suka shiga cunkoso inji yana yin tsit, batir ne ke jan motar a hankali. In Gambo ya taka birki, sai ta ga a allon gaba batir yana ƙara cika. Allurar mai kuma da ƙyar take sauka, kamar yadda take yi a hannunta. A babban titi kuwa, ta tuna, injin bai huta ba ko sau ɗaya.

Suka koma gaban alƙali. Tun kafin a tambaye ta ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a tsinke zaren nan. Wannan motar halinta daban da na waɗanda na sani: gari ne hutunta, titi ne wahalarta. Malam Gambo, ka yafe mini. Na ɓata maka suna a bainar jama'a, a bainar jama'a nake gyarawa."

Gambo ya karɓi makulli da hannu biyu. Ya ce, "Ya wuce, Hajiya. Sai dai don Allah, irin gudun da kika yi ran nan, kar a sake."

Alƙali ya ce, "Ku je lafiya."

Wanda ya auna sabon abu da mudun tsoho, in lissafi ya ƙi fita, ya fara tuhumar mudun kafin ya tuhumi mutum.